Hular da Na Wanke Sau Goma

Sunana Deribe, mai wankin hula. Duk wanda ya taɓa kawo hula Jimeta a wanke masa ya san ni, in kuwa bai san ni ba, to hularsa ba ta wanku ba. Ban taɓa shiga aji ba ko don in fake wa ruwan sama, amma ka aza mini hula a tafin hannu, idona rufe, in gaya maka garin da aka saƙa ta da irin kan da yake sa ta.

Sau uku mutuwa ta zo inda nake ta koma hannu wofi. Na farko a Bama, ranar da yaran nan suka shigo gari. Na biyu a Mubi, inda muka gudu muna zaton mun tsira. Na uku a nan Jimeta, kuma na ukun ne ya tafi da ƙanena Tahir. Ko in ce, ni na ce ya tafi da shi. Matarsa Bintu ta yi shekara goma ba ta yarda ba.

Daga Mubi mu huɗu muka taka zuwa Yola: ni, da Tahir, da Bintu, da 'yarsu Suwaiba, lokacin tana shekara goma. Ni matata ta rasu tun muna Bama, kuma Allah bai ba ni haihuwa ba. Muka yi watanni a sansanin 'yan gudun hijira a Damare, sannan muka samu ɗaki biyu a Damilu, ni da Tahir muka kafa rumfar wankin hula a bakin titi.

Ranar da abin ya faru, bayan la'asar, Tahir ya ɗauki huluna shida zai kai wa wani direba a tashar da ke tsallaken titi. Bai daɗe da tsallakawa ba bam ya tashi. Ni kaina sai da ya ɗaga ni ya maka da bango, har yau kunnena na hagu ado ne kawai. Na tashi, na karkaɗe riga, na shiga neman ƙanena. Ban same shi cikin masu rauni ba, ban same shi cikin gawarwakin da ake iya ganewa ba. Waɗanda ba a gane ba, washegari kafin azahar aka yi musu sutura aka binne su wuri ɗaya, da ni aka ɗauke su.

Abin da na samu hula ce, ƙarƙashin teburin mai doya da ya kife. Saƙar Bama, ruwan toka da baƙi, ta jiƙe da jini ciki da waje, ga huda ta baya. Na ce ta Tahir ce. Tawa ce da farko, na ba shi a Damare, ta yi masa yawa domin kansa ƙarami ne kamar na mahaifiyarmu, sai na naɗe ta ta ciki daga baya, na cusa tsumma a cikin naɗin, na ɗinke.

To, na yi abin da duk mai mutunci zai yi. Ba a kai wa mace jinin mijinta. Na jiƙa ta, na sa omo, na bi ta da buroshi, ruwa uku. Na cike hudar da zare irin nata, yadda ko wanda ya saƙa ta ba zai gane wurin ba. Na sa mata sitaci, na ɗora ta a itacen hula ta sha rana, na goge. Sannan na kai wa Bintu.

Ta dube ta daga nesa, ba ta miƙo hannu ba.

"Yaya, wannan ai sabuwar hula ce. Irinta nawa ce a kan mutanen Bama?"

Na rantse mata. Ta ce, "Kai da ka rantse ka kori kura da takalmi a hanyar Mubi? Ina wurin fa, kare ne."

Kura ce. Amma daga ranar maganata ba ta da nauyi a wurinta. Ta ƙi yin takaba. Takalmansa suna bakin ƙofa, kullum da safe sai ta share su. Tana haɗa turaren wuta tana sayarwa, amma da ta ji an ce an kuɓutar da wasu daga daji, ko an saki wasu da aka tsare, sai ta bar kasko a wuta ta tafi tambaya. Liman ya yi mata magana, mata sun yi mata magana. Ita ba matar aure ba, ita ba gwauruwa ba. Ni kuma na ajiye hular a akwatina, duk jajibirin Babbar Sallah in fito da ita in wanke, kada asu ya ci.

Suwaiba ta girma a cikin wannan. Da ta samu jami'a na gaya wa duk layinmu likita za ta zama. Ta ce ba likita ba. Na ce to 'yar sanda. Ta ce ba ita ba ce.

"Bappa, kimiyyar binciken laifi ake ce masa. In abu ya faru, mu ne muke zuwa mu tambayi wurin."

"Ku tambayi wa?"

"Wurin. Ƙasa, bango, jini, sawun takalmi. Mutum yana mantuwa, yana ƙari, amma su ba sa yi."

Da ta ce ƙari sai da ta kalle ni. Na yi kamar da kunnen hagu ta faɗa.

A hutun shekararta ta uku ta zo gida da ƙawarta 'yar ajinsu, Debbie, wata doguwa mai dariya tun kafin a gama magana. Suna zaune a tsakar gida suna bitar karatu, ina gefe ina goge huluna. Na ji suna ta maimaita abu ɗaya: kada a taɓa, kada a share, a kewaye wuri da igiya, a ɗauki hoto kafin a ɗaga ko tsinke. Wai wani malaminsu, Dakta Apollos, ya taɓa kayar da rabin aji don sun taka sawu a wurin da ya shirya musu na gwaji.

Na ce, "Wannan malamin naku bai taɓa ganin bam ba. Mu da muka gani, gari na wayewa muka wanke wurin tas. Ni na fara ɗaukar tsintsiya. Kura biyar ta masu ruwa muka zuba. Za a bar jinin Musulmi da na Kirista ƙudaje suna bi, mutane suna takawa?"

Debbie ta dafe kai. "Baba, kura biyar?"

"Shida ma."

Suwaiba ba ta yi dariya ba. Ta rufe littafinta ta ce, "Bappa, hular Babana tana nan?"

Sai a lokacin na gane abin da ya kai ta wannan karatun. Shekara uku ina zaton sha'awa ce.

Ta ce akwai gwajin da ake yi yanzu. In aka samu jini, ko busasshe ne, ko gashi mai saiwa, sai a gwada da nata, a san ko na mahaifinta ne ko ba nasa ba. Ba rantsuwa, ba gardama. Ta ce ta riga ta yi magana da malaminsu, ya ce ta kawo.

Na shiga na ɗauko. Suka shimfiɗa farar takarda a kan tabarma, suka sa safar hannu. Na ajiye hular. Tana sheƙi, tsaye cak, ko gwamna zai sa ta ya fita.

Suwaiba ta sunkuya ta shinshina. Ta ɗago a hankali.

"Bappa, sitaci nake ji."

"Mai kyau ne, na rogo."

"Ka wanke ta?"

"To da jinin zan kai wa uwarki?"

"Sau nawa?"

Na lissafa. "Goma."

"Hudar da kake cewa fa?"

Na nuna mata wurin da yatsa. Ta duba, ta sake dubawa da gilashin da ke ƙara girman abu, da kyar ta gano. A wata ranar da na yi alfahari da wannan. Ta cire safar hannu ɗaya, ta zauna a ƙasa, ta ce, "Da ka bar ta yadda ka tsince ta, ka sa a takarda, da cikin wata guda mun sani."

Bintu tana bakin murhu, ta juya mana baya, amma ludayin ya daina motsi.

Debbie ce ta juya hular ta leƙa ciki. "Suwaiba, wannan ɗinki ɗin fa? An taɓa buɗe shi?"

Na ce ba a taɓa ba. Na ce aikina ne, in suna so in kawo reza yanzu. Suwaiba ta riƙe mini hannu.

"Kada wanda ya taɓa. In aka buɗe kowa ya gani, kowa zai ce dama ya sani. Sai an faɗi abin da ke ciki tukuna, an rubuta. Kai daban, Inna daban, kada ɗaya ya ji na ɗaya."

Bintu ta ce ita ba ruwanta da hular kasuwa. Suwaiba ta ce, "Inna, ba wannan hular za a tambaye ki ba. Ta Babana za a tambaye ki, wadda ya fita da ita." Bintu ta daɗe tana kallon wuta, sannan ta sauke tukunya ta shiga ɗaki. Debbie ta bi ta da biro da takarda. Ni kuma Suwaiba ta kai ni ƙofar gida, ƙarƙashin dogon yaro.

Na fara yadda na saba. Na ce baƙin zaren ɗinkin hula, sukar allura tara, kowace daidai da 'yar'uwarta, tsumman kuwa bakin bargon da aka raba mana ne a Damare. Na ce ɗinkina ko shekara hamsin ba ya motsi.

Ta rubuta. Ta ce, "Zan karanta maka, ka dangwala yatsa. Amma Bappa, abin da ka ɗinka na tambaye ka, ka faɗa. Yanzu abin da ka gani nake tambaya. Sau goma ka juya cikin hular nan. Ɗinkin da ke ciki, shi ne wanda ka yi?"

Na ce rana ta yi zafi. Ta ce za ta jira.

Wannan maganar ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko liman. Tun wankin farko, da jinin ya fita, na ga ɗinkin ba hannuna ba ne. Zaren kitso ne, irin na mata, sukar kuma a karkace, wata doguwa wata gajera. Naɗe hula ta ciki ba ni kaɗai na iya ba, duk wanda ya gaji hular wani yana yi. Tun ranar nake tsoron hular wani bawan Allah na tsinto na kawo wa Bintu. Shi ya sa ban taɓa buɗe naɗin ba, shi ya sa ba na barin kowa ya juya ta. In tsoron ya taso sai in ƙara rantsuwa.

Na faɗa mata haka. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma lallashe ni ba. Ta rubuta, ta karanta mini, na dangwala.

Muka koma tsakar gida. Bintu ta fito ta zauna nesa da tabarmar, idonta ja. Suwaiba ta karanta tawa a gaban kowa, har da wurin tsoron. Bintu ta ɗago ta kalle ni. Sannan Debbie ta karanta ta Bintu.

Ta ce hular da mijinta ya fita da ita ta Yaya ce, ta yi masa yawa. Yaya ya ɗinke ta, amma ko mako ba a yi ba ɗinkin ya warware, tsumman ya faɗi.

Na ce, "Ɗinkin wa?"

Suwaiba ta ce, "Bappa."

Debbie ta ci gaba. Tahir ya ce kada a gaya wa Yaya, zai tara musu jama'a. Sai ita ta yagi bakin zanen da ta gudo da shi daga Bama, kore mai zanen kifi ruwan ɗorawa, ta cusa, ta ɗinke da zaren kitso domin shi ke gare ta. Zanen yana ƙasan akwatinta har yau.

Na ce, "Bintu, kin san wannan shekara goma, ba ki duba ba?"

Ta ce, "Kai da take hannunka ka duba? Shekara goma ana gaya mini, Yaya. Kai kana gaya mini, liman yana gaya mini. Yau ne aka tambaye ni."

Suwaiba ta mayar da safar hannu. Ta ajiye rula kusa da ɗinkin, Debbie ta ɗauki hoto da waya. Ta ƙirga sukar, bakwai, ta rubuta. Ta yanke zaren ɗaya bayan ɗaya da ɗan almakashi, duk wanda ta yanke sai an ɗauki hoto. Aikin da zan yi kafin a ce kwabo, sai da ta kusa cinye rabin sa'a. Amma na lura hannunta ba ya rawa, kuma wannan a wurina ta gado shi.

Ta zaro tsumman da ɗan hantsaki na ƙarfe, ta warware shi a kan takarda. Bakinsa ya koɗe da omona, amma can ciki kore ne, ga kan kifi ruwan ɗorawa, da ido ɗaya.

Ba wanda ya ce wa Bintu ta tashi. Ta shiga ta ɗauko zanen, ta miƙa wa 'yarta. Suwaiba ta shimfiɗa shi, ta nemo wurin yagewar, ta matso da tsumman a hankali ba tare da ta haɗa su ba. Kan kifin yana kan tsumma, jikinsa da wutsiya suna kan zane. Inda yagewar ta karkace a nan, ta karkace a can.

Na ce, "To! Me na ce? Shekara goma me nake cewa?"

Ba wanda ya kula ni. Suwaiba ta juya wajen uwarta.

"Inna, zan faɗa miki iyakar abin da wannan ya nuna, ba zan ƙara ba. Hular nan ta Babana ce. In Bappa a wurin ya tsince ta, to ta je wurin. Jinin wane ne a jikinta, wannan ba mai iya sani yanzu, ya tafi da ruwa."

Bintu ta matso, karon farko ta sa hannu a kan hular. Suwaiba ta buɗe baki za ta yi maganar safar hannu, Debbie ta taɓa ta, ta fasa.

"Yaya, gaya mini yadda ka same ta. Kada ka sa kura a ciki."

Na gaya mata. Na ce jinin ya fi yawa ta ciki, daga baya, inda hudar take, kuma hudar babban yatsana yana shiga. Na ce hulunan da ya ɗauka guda biyu na gani kusa da teburin, su ma na gane su. Na ce na ɗauki mutane da yawa a ranar, kuma ban ga wanda ya samu irin wannan a ƙeya ya tashi ba. Ban ƙara ko kalma ba. Ban san ina iyawa ba.

Ta ce, "Ka san inda aka sa su?"

"Da hannuna."

"Gobe ka kai ni."

Da hantsi muka hau Keke Napep mu huɗu. Mata ba sa shiga maƙabarta, sai suka tsaya a bakin katanga inda ta yi gajarta. Na shiga, na taka har wurin, kusa da wata bishiyar aduwa da lokacin ba ta kai gwiwata ba, yanzu ta fi ni tsawo. Na tsaya na ɗaga hannu don su gani. Bintu ta daɗe tana addu'a, Suwaiba tana riƙe da ita, Debbie ta sunkuyar da kai tana tata. Da muka dawo gida, Bintu ta ɗauki takalman daga bakin ƙofa ta ba wani maƙwabci da ƙafarsa ta yi daidai. Liman ya ce kwanakin takaba sun wuce tuntuni. Ta ce nata ba su wuce ba, ta yi wata huɗu da kwana goma cif.

Hular tana cikin ambulan na takarda yanzu a akwatina, an manne bakinsa, Suwaiba ta sa hannu a kan mannin, da kwanan wata. Ta roƙi uwarta izinin yin aikinta na shekarar ƙarshe a kan hular, uwar ta yarda. Ta ce Dakta Apollos yana nuna wa 'yan aji ɗaya hotunan, yana ce musu ga yadda ake ɓata shaida da kyakkyawar niyya, ga kuma abin da ake yi da wanda ya rage. Na tambaye ta ko yana faɗin sunana. Ta ce a'a, cewa yake wani dattijo mai wankin hula. Na ce ta gaya masa ya riƙa faɗa, Jimeta ba ta da biyu. Ni da ban shiga aji ba, ga shi ana karanta ni a jami'a.

Maganar ɗinki kuwa, zaren da aka raba a Damare ne ba shi da kyau, kowa ya sani.

Jajibirin Sallar bana na jiƙa hulunan mutane arba'in, na je akwati kamar yadda na saba, sai na tuna. Na duba ambulan ɗin ta waje ko asu ya taɓa shi. Bai taɓa ba. Na mayar, na koma kan buroshina.